Mai Kyamara da Mai Alƙalami: Me Ya Raba Bincike da Ƙirƙira a Sassan Aikin Jarida?

Wata rana a ƙarshen zangon karatu na zauna a bayan wani ɗaki inda ɗaliban ajin ƙarshe na sashen koyar da aikin jarida ke kare kundayensu. Wata ɗaliba ta shigo, kwamfuta a hannu ɗaya, kundi mai baƙin bango a ɗayan. Wata huɗu ta yi tana bin 'yan ga-ruwan unguwarsu da kyamara, tun daga layin rijiyar burtsatse da asuba har zuwa magariba, lokacin da suke zube kuɗi a kan buhu suna cire na mai kura. Ta haɗa fim na minti ashirin. Malamai uku ne a teburi. Babbansu ya buɗe kundin, ya wuce babi na ɗaya, ya wuce na biyu, ya tsaya a na huɗu.

"Ina jadawalinki? Mutum nawa kika raba wa takardar tambayoyi?"

"Ranka ya daɗe, ai fim ɗin shi ne aikin. In an ba ni dama in kunna."

Ya dubi agogo, ya ce akwai sauran ɗalibai a waje suna jira. Ba a kunna ba. An ba ta maki a kan rubutun da ta yi a gurguje cikin mako biyun ƙarshe, aikin wata huɗu kuwa ya koma jaka yadda ya fito.

Ban ɗora wa malamin nan laifi shi kaɗai ba. Takardar ba da makin da ke gabansa ba ta da gurbin fim. Akwai gurbin gabatarwa, akwai na waiwayen ayyukan magabata, akwai na hanyar bincike, akwai na alƙaluma, shi ke nan. Shi kansa ranar da zai nemi ƙarin girma, maƙalun da ya buga a mujallun ilimi za a ƙirga masa, ba wanda zai tambaye shi shirin rediyo nawa ya tsara. Da mudun da aka auna masa ya auna wa ɗalibarsa. To daga ina mudun nan ya fito, kuma me ya sa fannin da aka kafa don nazarin rediyo da talabijin da fim ya zama ba ya iya kallon fim a matsayin ilimi?

Amsar tana cikin asalin fannin. Nazarin kafafen yaɗa labarai a matsayin ilimin jami'a ya yi ƙarfi ne a Amurka, a hannun masana zamantakewa. Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa sun bi masu jefa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa na 1940 suna yi musu tambayoyi wata bayan wata, don su gano ko jarida da rediyo ne ke sauya ra'ayin mutum. Daga baya Wilbur Schramm ya rubuta wa hukumar UNESCO littafi a 1964 a kan yadda kafafen yaɗa labarai za su taimaka wa ƙasashe masu tasowa. Tambayar da ta mamaye wannan makaranta ɗaya ce: wane tasiri saƙo ke yi a kan mai karɓa? Kayan aikinta kuma takardar tambayoyi ce da ƙirga. Da aka buɗe karatun jarida a Nsukka a 1961, aka buɗe a Jami'ar Legas a 1966 da tallafin UNESCO, sannan Jami'ar Bayero ta Kano ta bi sahu a ƙarshen shekarun 1970, wannan gado aka ɗauko. Shi ya sa har gobe in ka shiga ɗakin ajiyar kundaye na kowane sashen jarida, za ka ga taken da ya fi yawa shi ne "Tasirin kaza a kan kaza": tasirin fina-finai a kan tarbiyya, tasirin Facebook a kan karatun ɗalibai, tasirin talla a kan matan aure. Tambayar ba banza ba ce. Amma in ita kaɗai ake yi, an mayar da mai kallo tamkar tulu da ake ɗura wa ruwa, an kuma manta da wanda ya ɗebo ruwan.

Koyon aikin hannu kuwa aka tura shi wani waje. Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, tana Jos, makarantar koyon fim tata ma tana can, haka kwalejin talabijin ta NTA. Kwalejojin kimiyya da fasaha suka ɗauki horar da masu ɗaukar hoto da masu gabatar da shiri. Sai rabon ya zama kamar na gado: jami'a ta ɗauki tunani, wasu suka ɗauki kyamara.

Ana cikin haka fim ɗin Hausa ya tsiro a wajen duka biyun. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Kano ne suka haife shi, irin waɗanda ke kai wasanninsu gidajen talabijin na NTA da CTV. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, shekara biyu kafin fim ɗin Inyamuranci da ake cewa shi ya buɗe kasuwar Legas. A 1999 sunan Kannywood ya bayyana a mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji, shekara uku kafin wata jaridar Amurka ta yaɗa sunan Nollywood. A 1999 ɗin ne kuma Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim. Mutanen da suka yi wannan aiki a lokeshin suka koya, daga riƙe fitila zuwa riƙe kyamara. Jami'a ba ta koya musu ba, kuma da farko ba ta ko waiwaye su ba, domin ana ganin abin shirme ne na 'yan kasuwa, kamar yadda aka kalli littattafan soyayya da aka yi wa laƙabi da adabin kasuwar Kano.

A nan ne ya kamata a yi wa bincike adalci, domin da masana suka waiwayo, sun nuna abin da ba a gani da idon yau da kullum. Kowa na cewa fim ɗin Hausa kwaikwayon Indiya ne, maganar ta ƙare. Brian Larkin, masanin al'adu da ya zauna a Kano a shekarun 1990, bai tsaya nan ba. Ya bi tarihin gidan sinima tun daga Rex da aka buɗe a 1937, ya bi majigin da Turawan mulki ke yawo da shi gari gari suna nuna fina-finan noma da tsafta, ya taɓo gobarar sinimar El Duniya ta 1951 da ta ci mutane fiye da 300 da yadda jama'a suka fassara ta. Ya nuna yadda Kwarori masu gidajen sinima suka riƙa shigo da fina-finan Indiya, da dalilin da ya sa suka shiga ran Bahaushe fiye da na Amurka: auren dole, kishi, biyayya ga iyaye, kunya tsakanin saurayi da budurwa, duk abubuwan da mai kallo ya sani a gidansu. Har ya kai ga masu bandiri da ke ɗaukar karin waƙar Indiya su ɗora masa yabon Annabi. Wanda ya karanta wannan ba zai sake cewa kwaikwayo kawai ba. Zai ce aro ne da ake yi da zaɓi, a ɗauki wannan a bar wancan.

Haka Larkin ya bayyana yadda kasuwar take tafiya a zamanin kaset, abin da ya fi kowane jadawali amfani ga mai son fahimtar masana'antar. Furodusa ya gama fim, sai ya buga kwalin kaset, ya miƙa wa dillalan Ƙofar Wambai da Bata uwar kaset ɗin, su kuma su sayi kwalin a hannunsa su tura fim ɗin a kaset ɗinsu. Ribar furodusa tana cikin kwali, ikon kasuwa yana hannun dillali. In ka gane wannan, ka gane dalilin da ya sa ake raba fim kashi ɗaya da biyu da uku, da dalilin da fuskar jarumi a kan kwali ta fi labari daraja, da dalilin da rawa da waƙa suka zama dole bayan fim ɗin Sangaya ya yi kasuwa a 1999. Ba ɗabi'ar darakta ce kaɗai ta tsara fim ɗin ba, hanyar da kuɗi ke bi ma ta tsara shi.

A gida kuwa, sunan da ba a tsallakewa shi ne Farfesa Abdalla Uba Adamu. Farfesa ne tun 1997 a fannin koyar da kimiyya, amma muhawarar littattafan soyayya da aka yi a shafukan New Nigerian ta jawo shi, ya nutse cikin nazarin adabi da fim da waƙa har ya sake zama farfesa karo na biyu a 2012 a fannin sadarwa da al'adu. A watan Agusta na 2003 shi da abokan aikinsa suka kira taro a Kano a kan fina-finan Hausa, inda malaman jami'a da 'yan fim suka zauna ɗaki ɗaya, aka buga maƙalun taron a littafi a 2004. Graham Furniss a Landan, Matthias Krings a Jamus, Carmen McCain daga Amurka, duk sun ba da nasu. Aikin McCain ya zo daidai da zamanin da aka fi matsa wa masana'antar, bayan abin kunyar 2007 na bidiyon batsa na wata 'yar fim da ya bazu ta wayoyin hannu, lokacin da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta riƙa kamawa da gurfanarwa, har aka ɗaure furodusa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a ƙarshen 2008. Ba don rubuce-rubucen irin waɗannan mutane ba, da yawancin abin da ya faru a shekarun nan ya zama sai dai a ji a bakin wanda ya gani.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Kusan duk wannan aiki da Turanci aka yi shi, a littattafan da aka buga a Amurka ko Ingila ko Jamus, da tsadar da ko ɗakin karatun jami'a na jin jiki kafin ya saya. Daraktan da aka yi nazarin fim ɗinsa ba zai taɓa ganin abin da aka ce a kansa ba. Marubucin labarin da aka warware dabararsa shafi ashirin bai san an yi ba. Na sha jin 'yan fim na cewa, "Su zo su yi mana tambayoyi, su tafi, sai mu ji wai wane ya zama dakta." Maganar akwai ɗaci, kuma akwai gaskiya. Mai bincike yana da uzuri: in ya rubuta da Hausa, mujallun da ake ƙirgawa wajen ƙarin girma ba za su buga ba. Amma uzurin bai goge asarar ba. Ilimin da aka haƙo daga masana'anta bai koma cikinta ba, shi ya sa darakta ke maimaita kuskuren da wani ya riga ya gano, malami kuma ke rubutu a kan fim bai san wahalar ɗaukar fitowa ɗaya ana jiran ladan ya gama kiran salla ko mai janareto ya dawo da mai ba.

Akwai wata hanya, kuma ba daga nesa za a nemo ta ba. Jean Rouch Bafaranshe ne da ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, ya koma mai nazarin al'adu, ya ɗauki kyamara a matsayin alƙalaminsa. Ya ɗauki fim ɗin masunta 'yan Sorko suna farautar dorina a kogin Kwara, ya tafi ya haɗa shi, ya sa masa kiɗa. A 1954 ya dawo garin Ayoru da ke bakin kogin ya kafa farin ƙyalle ya nuna wa mutanen da ya ɗauka. Suka kalla, suka sake kallo, sannan suka ce masa ya yi kuskure: ba a kiɗa a farautar dorina, domin kiɗa ƙarfin zuciya zai ba ta, shiru ake yi. Ya cire kiɗan. Ka duba abin da ya faru a daren nan. Da littafi ya rubuta da Faransanci, babu masunci ɗaya da zai gyara masa, kuskuren zai zauna har abada a ɗakunan karatu. Da yake fim ne, waɗanda aka yi binciken a kansu suka zama alƙalansa. Wannan shi ne abin da fim ke iyawa wanda maƙala ba ta iyawa a cikin al'ummar da ji da gani suka fi karatu yawa.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Oumarou Ganda, ɗan Nijar da Rouch ya haɗu da shi a Abidjan yana dako a tashar jirgin ruwa, ya fara da taimaka masa a bincike, ya fito a fim ɗinsa na 1958, daga baya ya zama darakta da kansa, ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu a 1972. Rouch yana da masu suka, kuma sukar da nauyinta. Wasu manyan daraktocin Afirka sun ce yana kallon mutanenmu da idon baƙo. Duk da haka, hanyar da ya bi ta komawa da fim wurin masu shi ta tsaya da ƙafarta. Ya rasu a 2004 a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni.

A Zariya ma an yi irin wannan ta wata fuskar. Tun ƙarshen shekarun 1970 sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ke tura ɗalibai Samaru da ƙauyukan kewaye. Su zauna da mutane, su ji damuwarsu, ko takin zamani ne ko ruwan sha, su gina wasa a kai, su yi shi a dandali, jama'a su tsoma baki su ce ba haka ba ne, ga yadda yake. Binciken da wasan abu ɗaya ne. Abin mamaki, wannan gado ya zauna a sashen wasan kwaikwayo, bai ƙetara zuwa sashen jarida ba sai ɗan kaɗan.

Sai dai kada a ɗauka ina cewa duk wanda ya ɗauki kyamara ya yi bincike. Masu adawa da wannan ra'ayi suna da hujja, kuma na yarda da rabinta. Suna cewa in aka buɗe ƙofa, kowa zai kawo bidiyon biki ya ce a ba shi digiri. Haka ne, in ba a kafa sharaɗi ba. Fim mai kyau ba lallai ya zama bincike ba, kamar yadda waƙa mai daɗi ba lallai ta zama tarihi ba. Abin da ke mayar da aikin ƙirƙira bincike shi ne a fara da tambayar da ba a san amsarta ba, a bi hanyar da za a iya bayyana wa wani, a ajiye shaidar yadda aka bi ta, sannan a fito da abin a bainar masana su soke shi. Ɗalibar nan ta 'yan ga-ruwa tana da tambaya: wa ke cin ribar jarkar ruwa tsakanin mai rijiya da mai kura da mai turawa? Tana da hanya, tana da sa'o'in hirar da ta naɗa. Abin da ba ta samu ba shi ne wanda zai koya mata rubuta shafuka goma da za su raka fim ɗin, su bayyana me ta nema, me ya sa ta yanke nan ta bar can, me ta gano da ba a sani ba.

Wasu ƙasashe sun daɗe da warware wannan. A Birtaniya, tsarin da ake auna binciken jami'o'i da shi yana karɓar fim da shirin rediyo da baje koli, tare da ɗan bayanin da bai wuce kalma 300 ba a kan abin da aikin ya bincika. A Ostireliya mutum na iya yin digirin dakta da fim ko littafin ƙagaggen labari, ya haɗa da rubutaccen sharhi mai zurfi a kan aikin. Ba su zubar da ƙa'ida ba, sun faɗaɗa mudun ne.

A Nijeriya an ɗan motsa. A farkon 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sanar da raba karatun aikin jarida zuwa digiri bakwai, ciki har da na watsa shirye-shirye, da na fim, da na sadarwa don ci gaban al'umma. Farfesa Umaru Pate na cikin waɗanda suka yi tsayin daka a kan wannan. Jami'ar Bayero ta riga ta kafa tsangayar sadarwa, tana da gidan rediyonta da ɗalibai ke koyon aiki a ciki. Wannan ci gaba ne, ban raina shi ba. Amma sauya sunan digiri ba ya sauya takardar ba da maki. In ɗalibin sashen fim zai kammala da babi biyar da jadawali kamar yayansa na da, an sauya allon ƙofa ne kawai. Kuma malamin da zai duba fim sai ya san fim, wanda ke nufin sai jami'a ta yarda ta ɗauko tsohon darakta ko tsohuwar mai shirya shirin rediyo su koyar, ko da ba su da tarin takardu. A nan ne nake ganin za a fi jan ƙafa.

Akwai kuma abin da ya fi duk wannan gaggawa, wanda mai bincike da mai ƙirƙira suka yi tarayya a asararsa. Kwanaki na shiga shagon wani tsohon dillalin kaset ina neman wani fim na ƙarshen shekarun 1990. Ya jawo kwali daga ƙarƙashin benci. Kaset ɗin farko da ya ciro, farin fumfuna ya cinye zaren. Na biyu ya manne. Ya ce, "Malam, sauran buhu uku na ba yara sun kai bola, wurin nake so." Yau kallo ya koma Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ya koma YouTube da shirye-shirye masu dogon zango, kasuwar kaset da faifai ta mutu. Dubban fina-finan da aka yi cikin shekara ashirin na farko suna warwatse a hannun mutane, zafi da damina na cin su. Tsofaffin wasannin talabijin na Kano da Kaduna da Sakkwato ma da yawa an goge su an naɗi wasu a kai saboda ƙarancin kaset. Ɗalibin da zai so nazarin yadda aka nuna kishiya a fim ɗin Hausa daga 1995 zuwa 2005 zai rasa rabin abin da zai kalla, daraktan gobe kuma zai rasa inda zai ga abin da magabatansa suka gwada.

Kwashe kaset zuwa kwamfuta ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: na'urar bidiyo mai aiki, ɗan abin haɗawa, da mutum mai haƙuri da zai rubuta sunan fim da shekara da darakta da 'yan wasa. Ɗaliban aji uku na sashe ɗaya za su iya kwashe ɗaruruwa cikin zango biyu, in aka ƙirga musu shi a matsayin aiki, kuma 'yan fim su ne suka san wa ke riƙe da uwar kaset ɗin wane. Dillalin nan ya ce akwai sauran buhu ɗaya a gidansa, in ina so in zo da mota kafin ruwa ya sauka.